Mutanen da Konseye Ya Kawo Tudun Jiga

Bana ruwa ya ɗauke mana daidai lokacin da gero ya yi ciki. Kullum da hantsi hadari zai taso daga gabas, ya yi baƙi har kaji su nemi wurin fakewa, sai iska ta zo ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Ganyen gero ya nannaɗe kamar an murza shi da hannu. Ina tsaye a gonata bayan Gangara ina kallon ikon Allah, sai ga Madam Zinatu a kan moto, babur ɗinta na aiki. Ita ke riƙe da aikin malamin gona da na bari. Ta gaishe ni, ta wuce gefen kwari inda ɗan danshi ya rage, ta durƙusa ta ɗauki hoto da wayarta.

Na ce, "Madam, gonar ai ga ta nan bayanki."

Ta yi 'yar dariya. "Baba, konseye na labarai ne ya ce a turo masa kore kafin azahar. Busasshen na tura wa konseye na noma tun jiya. Kowa da irin hoton da yake so."

Ta ce yanzu a ofishin minista ɗaya akwai konseye, wato mai ba da shawara, kan siyasa, akwai na labarai, akwai wanda aikinsa riƙe waya kawai. Da ta tafi na daɗe a tsaye. Ƙamshin ganyen da rana ta ƙona ya mayar da ni wata shekara da ba na son tunawa.

Lokacin da na fara aiki a Tanut, konseye ɗaya na sani, Baba Kyari. Mutumin Damagaram ne, ya yi shekaru yana malamin gona kafin a kira shi Yamai ya zauna kusa da minista. Duk kaka sai ya zo. Ba ya tambayar kowa yaya amfanin bana. Zai shiga gona, ya karya zangarniya, ya murza a tafinsa, ya hura, ya dubi abin da ya rage. Daga nan ya ce a ɗaga masa jinkar rumbu ya zura hannu har kafaɗa. Abin da ya gani shi yake faɗa wa minista. An sha canza ministoci, shi yana nan.

Shekarar da nake magana jam'iyyu ba su daɗe da shigowa ba. Ruwan fari ya sauka da wuri, muka yi murna, gari duka ya fita da sungumi. Shuka ta tsiro, sai ruwa ya ɗauke. Iska mai zafi ta binne tsiron da rairayi. Aka sake shuka, ta ƙone. Karo na uku mutane suka shuka abin da suka ajiye don ci. Wannan ta yi tsawo har gwiwa, sai fara ta sauko. Na ga gonar da da safe kore ce, da la'asar babu komai sai kara a tsaye. In ka yi shiru kana jin ƙarar cinsu kamar yayyafi a kan zana. Da kaka ta yi, mai dami ɗari ya tashi da uku, wani ko ɗaya bai ɗaure ba.

Ni ma'aikaci ne, amma gidana a Tanut ya zama zango. Dangina daga Gangara, dangin matata Rabi daga wajen Falanko, kowa ya zo da tabarmarsa da yaransa. Sai da muka kai mutum ashirin da wani abu. Buhun da albashina ke saye ba ya kai mako biyu. Rabi ta mayar da tuwo sau ɗaya a yini, daga baya ya zama kunu, daga baya aka shiga anza. Wanda bai ci anza ba bai san ɗaci ba. Sai an jiƙa 'ya'yanta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ta ciwu, ga ruwa a Tanut da tsada. Manyan tukwane uku Rabi ta jera a bayan ɗaki, ta jiya, ta shekaranjiya, ta yau. Gidan duka wari yake yi kamar na jima. Mata su fita da asuba da ƙwarya su fasa gidan tururuwa su kwashe 'yan tsabar da ta tara. Wasu su sussuke ƙarangiya, hannuwansu duk jini. Gashin yara ya yi ja. Suka daina wasa, sai su zauna jikin bango suna bin mai wucewa da ido.

Duk wata sai na rubuta rapor, rahoton halin da ake ciki, na aika Yamai da sunan Baba Kyari. Shiru. Rannan na samu layi a gidan waya na kira shi. Muryarsa ta yi nisa kamar daga cikin rijiya.

"Abdu, takardunka suna zuwa. Amma an mayar da ni biron ƙarshe, ɗan ofishin da ke kusa da matakala. Ƙofar minista yanzu akwai mai ita."

"Wane ne, Baba?"

"Parti ce ta kawo shi, jam'iyya mai mulki. Konseye na siyasa ake ce masa. Duk takardar da za ta shiga sai ta bi ta hannunsa. Za ka gan shi."

Da bazara na gan shi. Sunansa Laminu, bai fi shekaruna ba, fari, da shadda mai sheƙi da murya mai sanyi. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya ce minista zai zo rangadi, kuma shi ya riga shi don ya zaɓi inda za a tsaya. Bara an raba irin shuka da sunan minista, ana son garin da za a nuna amfaninsa.

Na ce a raina Allah ya kawo dama. Na kai shi Tudun Jiga, wani ƙauye a kan hanyar Balbeji, inda na san abin ya fi muni. Tunanina in ya gani da idonsa, magana ta ƙare.

Rana tsaka muka isa. Direba ya kashe mota, sai shirun ya faɗo mana. Babu zakara, babu jaki, babu kukan yaro, ko kare babu. An toshe ƙofofin gidaje da ƙaya. Na leƙa ta kan wani danga, na ga tukunya a kan murhu da muciya a ciki, rairayi ya cika ta rabi. A bakin rijiya gawar saniya ta bushe, fatar ta manne da ƙashi. Ungulaye biyu na tsaye kusa da ita, ba su ko motsa don mu ba. Bayan masallaci na ƙirga sababbin kaburbura, yawancinsu gajeru ne. Direba ya ce shi zai jira a mota, ya ɗaga gilasai duk da zafin nan.

Sai muka ji daka.

Daga can ƙarshen gari take zuwa, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Na kasa kunne, don sautin ba daidai yake ba. Turmin da ke da hatsi sautinsa a toshe yake. Wannan kuwa itace ne ke dukan itace.

Muka bi sautin. Wata tsohuwa muka tarar, Inna Dije, na san ta tun zuwana na baya. Mijinta Baba Nomau, makaho, yana zaune a inuwar zana. Ta tsayar da taɓarya ta dube mu, ta daɗe tana duban ƙafafunmu.

"Ku mutane ne, ko irin na jiya?"

Na ce, "Inna, ni ne Abdu malamin gona. Su wa suka zo jiya?"

"Masu zuwa in rana ta take. Suna zagaya gidaje suna taɓa ƙofofi. In sun ji daka sai su wuce." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Maigari ya tafi kudu da jama'a. Malam ba ya iya tafiya, ni kuma ba na barin shi. Garin da aka daina jin turmi a cikinsa, wasu ne ke shigowa su zauna. In mutanenmu sun dawo, ina za su sauka?"

Na dubi cikin turmin. Babu ko dusa.

Na juya wajen Laminu ina jiran in ga fuskarsa ta canza. Ba mu yake kallo ba. Rumbunan garin yake kallo, jere a kan tudu, kusan talatin, kowanne an ɗaure jinkarsa da igiya tam.

"Mushe Abdu," ya kira ni irin na masu Faransanci, "waɗannan fa?"

"Ranka ya daɗe, babu komai ciki. Sun ɗaure ne don kada iska ta ɗauke jinka."

"Amma daga waje ba a gani." Ya ɗan yi tafiya, ya tsaya, ya auna wurin da ido. "Nan za a kafa rumfa. Rumbunan su zamo bayan minista."

"Babu mutane a garin, ranka ya daɗe."

"Mutane ba wuya." Ya dafa kafaɗata. "Ka saurare ni. In aka ce akwai yunwa a nan ƙasar Damargu wata uku kafin zaɓe, minista ya tafi. Wanda zai zo bayansa bai ma san inda Tanut take ba. Ka bari mu wuce wannan gaɓa, ni da kaina zan turo muku hatsi. Kai ka san gona. Ni na san Yamai."

Wallahi har yau ban sani ba ko ya gaskata abin da yake faɗa. Ina jin ya gaskata.

Cikin kwana huɗu aka gyara Tudun Jiga. Aka janye ƙayar ƙofofi, aka ja gawar saniya bayan tudu, aka share fili. Aka sayo dami ashirin daga wani ɗan kasuwa aka zuba a rumbun farko, aka yi masa alama da farar ƙasa. Aikina shi ne in ja minista zuwa wannan rumbu in yi bayanin irin da aka raba. A Tanut aka yi shela a unguwanni cewa duk wanda ya hau kamyo, babbar motar kaya, ranar zai samu tiya ɗaya ta gero, kwanon awo guda. Aka ba Inna Dije tiya biyu, aka ce ta zauna a ɗaki.

Ranar, tun hantsi kamyo ke sauke mutane. Wani sakatare na zaune a kan tebur yana rubuta sunan duk wanda ya sauko, don rabon tiya. Aka shigar da wasu cikin gidajen, aka ce in motoci sun iso su fito kamar daga ɗakunansu. Na ga wata mata ta tsaya a bakin wata ƙofa ta ƙi shiga, tana cewa ɗakin akwai sanyin da ba ta gane ba. Mata suka taru can baya, kowace ta ja zane ta rufe fuska saboda rana, ko saboda kunya. Makaɗa suka fara. Mutane na tafi, amma tafin mai yunwa ba ya ƙara.

Minista ya iso kafin azahar. Dattijo ne mai ƙiba kaɗan, ga alamar gajiya a fuskarsa. Laminu na manne da kafaɗarsa ta dama, duk wanda zai gaisa da shi sai Laminu ya raɗa masa wani abu a kunne. Daga motar ƙarshe Baba Kyari ya fito, ya rame, babu wanda ya ba shi kujera.

Aka yi jawabai. Na ja minista zuwa rumbu mai farar ƙasa, aka ɗaga jinka, ya ɗago dami, mai ɗaukar hoton tele ya matso. Bakina na bayanin iri, ni kaina ban san me nake faɗa ba.

Rana ta take. Daga ƙarshen gari daka ta fara.

Makaɗin da ke kusa da ni shi ya fara sauke hannu. Sai na biyu. Tafi ya mutu. Mutanen nan da aka kwaso, babu wanda bai san wannan sauti ba, don kowannensu ya taɓa jin uwa na dukan turmi wofi don yara su yi haƙuri su yi barci. Ɗaruruwan mutane a tsaye, ba ka jin komai sai itace na dukan itace.

Minista ya ce, "Mene ne wannan?"

Laminu ya ce, "Mata ne ke shirya furar baƙi, Eksalans."

Ya kamata in yi magana. Ni ne a gabansa. Amma na tuna mutum ashirin da ke gidana. Sai na ji muryar Baba Kyari daga baya.

"Eksalans, kai ɗan manomi ne. Saurara da kunnenka."

Minista ya saurara. Na ga lokacin da ya gane. Ya ajiye damin, ya nuna rumbu na biyu. "Ku buɗe wannan."

Babu wanda ya motsa, sai wani jandarma cikin masu tsaron minista ya yanke igiyar. A ciki akwai hauyoyi, da sungumi, da allunan yara, da ƙoren wata amarya a ɗaure cikin raga. Na uku ma haka. Na huɗu babu komai sai wani ɗan takalmin roba ƙafa ɗaya. Minista ya tsaya yana share gumi. Sannan ya juyo gare ni.

"Kai ne malamin gonar nan? Me ya hana ka rubuto mini?"

Na dubi Laminu. Yana kallona da fuskar nan tasa mai sanyi, babu barazana a cikinta, kamar mai jiran in gama ya wuce. Na sunkuyar da kai na ce, "Na yi kuskure, Eksalans."

Baba Kyari ya juya ya koma mota.

Da na isa gida da la'asar sakaliya, na tarar da tuwon gero, na gaske, rabon da in gan shi an yi wata biyu. Yara na ci ba mai magana. Na ci, ban tambayi daga ina ba.

A tele rumbun farko kawai aka nuna. Kafin wata ya ƙare aka sallami Baba Kyari zuwa hutu. Ni aka rubuto mini takardar gargaɗi, aka ce bayan damina in koma Tanhiya cikin makiyaya, inda babu gonar da zan duba. Minista bai kai ƙarshen shekara a kujerarsa ba. Laminu kuwa ya yi aiki da ministoci uku bayansa. Amma abin da minista ya gani bai bar shi ba, ya sa hannu a aiko da hatsi Tudun Jiga, kuma Laminu bai hana ba. Sai dai takarda ta bi hanyarta, kamyo bai iso ba sai bayan ruwan shuka.

Ni aka ba rabon. Aka haɗa ni da jandarma ɗaya da takardar sunaye daga Yamai, da hatimi a kowane shafi. Umarni shi ne wanda sunansa ke ciki kawai za a ba, kuma sai ya amsa da bakinsa ya dangwala yatsa.

Mun tarar mutanen garin sun dawo don shuka, waɗanda suka rage. Ƙasa ta jiƙe, tana ƙamshi, sabuwar ciyawa ta fara leƙowa tsakanin kaburbura. Suka zauna a filin da aka kafa rumfa, Maigari Tanko a gaba. Ba su yi hayaniya ba. Idanunsu na kan buhuna.

Na buɗe takarda na kira sunan farko. Shiru. Na kira na biyu, na uku. Babu wanda ya motsa. Sai a na bakwai na gane. Wannan wani mai gyaran keke ne a kasuwar Tanut. Sunayen da sakataren nan ya rubuta ranar zuwan minista, su aka ɗauka a Yamai a matsayin mutanen Tudun Jiga. Babu ɗan garin ko ɗaya a ciki.

Na faɗa wa Maigari. Jandarma ya ce shi umarni aka ba shi, in babu masu sunan sai a mayar da kaya. Gyara takarda kuwa sai ta koma Yamai, ta bi ta hannun da ta bi da farko.

Maigari ya daɗe yana zane a ƙasa da yatsa. Ya ɗago ya dubi jandarma. "Ɗana, ka san mutanen garin nan da fuska?"

Jandarma ya dubi yaran da ke jikin iyayensu. Ya ce, "Ban san kowa ba, Baba." Ya koma inuwar kamyo ya juya mana baya.

Maigari ya ce, "Malam, sake daga farko. Za mu amsa."

Na sake. Na kira mai suna na farko, Maigari da kansa ya ce, "Na'am," ya taso ya dangwala yatsa. Na kira na biyu, ƙanensa ya amsa. Haka muka yi ta yi. Ina kiran mutanen da ba sa nan, waɗanda ke nan suna tasowa. Da mata suka ƙare, wani dattijo mai furfura ya amsa sunan Hadiza, babu wanda ya yi dariya. Wata mata ta amsa sau uku, ta ce biyun na yaranta ne da ke bayan masallaci. Na ba ta. Muryata kaɗai ke tashi a filin, sai "na'am" daga bakin da ba nasa ba. Har yanzu akwai tsofaffi a Tudun Jiga da ake kira da sunan da suka amsa ranar, jikokinsu ba su san dalili ba.

A shafi na ƙarshe idona ya faɗa kan wani suna, bakina ya tsaya. Rabi Malam Tankari. Mutum ɗaya na sani a ƙasar nan mai suna Malam Tankari, surukina ne. Matata ta hau kamyon nan. Tana cikin matan da suka rufe fuska can baya, ta tsaya cikin rana don tiya ɗaya, ta ji lokacin da aka tambaye ni, ta ji amsar da na bayar. Ta riga ni isa gida ta tuƙa tuwo, ta ajiye mini, ba ta ce komai ba.

Maigari ya ce, "Malam, lafiya? Saura nawa?"

"Saura ɗaya."

Na kira sunan matata a tsakiyar filin. Aka yi shiru, kowa ya riga ya karɓa. Can daga baya Inna Dije ta miƙe da kyar, tana dafa kafaɗar mijinta. Ta tako har gabana, ta miƙo yatsanta.

"Na'am," in ji ta. "Ga ni."